Mai Ƙunshi Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka gaji da zirga-zirgar jinya, iyalan marigayi Papa Tutai na Avarua ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan Rarotonga da na tsibiran waje tun daga Mangaia har Pukapuka, cewa Mai Ƙunshi ya riga mu gidan gaskiya. Ga wanda bai san shi da wannan suna ba, shi ne shafin nan na intanet da kowa ke neman gurbi a jirgin ruwan kaya ta cikinsa. Ya cika ranar Juma'a da hantsi a ofishin bakin tasha, hannun Mama Ngametua, wadda aka fi sani da Mama Nga, na kansa.

Papa Tutai ne ya haife shi, in ana iya cewa haka, shekarar da ya dawo daga Wellington da ciwon baya da akwatin littattafai. Da yatsu biyu ya rubuta shi. Shi ya raɗa masa suna Mai Ƙunshi, bai taɓa faɗin dalili ba, ita kuma matarsa Mama Nga, mai karɓar mutane a ofishin, ba ta taɓa tambaya ba. Mutumin da ya sa wa kazarsa suna Minista, wa zai tsaya bin diddigin sunayensa?

Halin da za a fi tunawa da Mai Ƙunshi shi ne ba ya mayar da mutum baƙo. Ka zaɓi tsibirinka ka danna, shafin ya tafi wurin na'urar da ke ƙarƙashin teburin ofis, ya dawo maka da jiragen da ke akwai. Ka rubuta aladenka da buhunan gwazarka da kwanon rufi, ka sake dannawa, ya sake tafiya ya dawo, aladen nan yana nan inda ka ajiye shi, ba wanda zai ce ka koma farko. Mutanen Mangaia, da layinsu na intanet mai tafiyar hawainiya, sukan danna su tafi su ba dabbobi abinci su dawo su tarar bai zubar musu da komai ba. A duk dawowa na'urar takan yi ƙurrr kamar tsoho na gyaran murya, sannan wata jimla ta fito a ƙasan shafin:

"An dawo? Komai na nan inda aka bar shi."

Waɗanda suka san gidan sun san jimlar. Ita Papa Tutai ke faɗa wa Mama Nga duk ran da ta dawo daga kasuwa ko daga wurin 'yan uwanta, yana zaune a baranda bai ko share gidan ba. Bayan da aka kai Papa Tutai makwancinsa, kowace safiya kafin ta ɗora ruwan shayi Mama Nga takan buɗe shafin, ta zaɓi Atiu, ta danna. Ba ta da kowa a Atiu. Duk ofis an sani, ba wanda ya taɓa tanka mata.

Ciwon ajalin Mai Ƙunshi da nauyin jiki ya fara. Yau a ce a ƙara masa wurin tukunyar gas, gobe wurin firji, jibi wurin babur da akwatin gawa. Bai taɓa cewa a'a ba, sai dai tafiyarsa ta yi ta ƙara nawa. Kyaftin Teokotai, wanda bakinsa ba ya da linzami, yakan leƙo ta taga ya ce, "Mama, tsohon naki ya farka kuwa? Ni fa na kai Mauke na dawo, shi yana neman takalminsa."

"Kai da jirginka ke tari tun kafin a haifi jikokina," in ji ta, "kai ne za ka yi wa wani gorin tsufa?"

Daga nan iskar gishiri ta cinye na'urar ƙarƙashin tebur, aka mayar da shi kan wasu na'urori biyu na haya a Sydney. Nan ne ruɗewa ta same shi. Mutum ya gama rubuta kayansa tsaf, ya danna, sai marigayin ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Mama Nga ta koma karɓar waya daga safe har yamma tana ba da haƙuri, tana rubuta wa mutane kayansu da hannunta. Kwamitin jirgi ya daɗe yana son a sallame shi, amma ba wanda ke iya furta hakan a gaban idonta.

Aka kira Tereapii, 'yar ƙanwar Papa Tutai, wadda wannan ce sana'arta a Auckland. Ta zo ta duba shi, ta cire tabarau ta murza ido.

"Mama Nga, kin san me ya sa Kawu ya ce masa Mai Ƙunshi?"

"Kawunki ya taɓa yin abu da dalili?"

"Wannan da dalili. Na'urar ba ta riƙe kowa a ranta. Da ta miƙo miki shafi, ta manta da ke. Abin da Kawu ya dogara da shi, duk abin da kika zaɓa sai a ƙulle shi a ƙunshi, a cusa a cikin shafin inda ba kya gani. In kin danna, ke ce kike mayar mata da ƙunshin. Ta kwance, ta ga aladenki, ta yi kamar ta san ki tun jiya."

Mama Nga ta ce, "To ruɗewar fa?"

"Na'ura biyu ce yanzu, kowacce da irin ƙullinta. Wannan ta ɗaure, waccan ta ce ba ƙullinta ba ne. Wannan mai sauƙi ne, yau zan daidaita su. Amma nauyin, Mama, ƙunshin ya zama buhu. Waya a Pukapuka ba za ta iya kai shi ta dawo da shi ba."

"Wato duk shekarun nan bai san ni ba."

"Ke kika san kanki, kike kawo masa."

"Tashi ki ci abinci," in ji Mama Nga. "Kin yi magana da yawa, irin ta danginku."

Mai Ƙunshi ya ɗan samu sauƙi bayan haka, irin sauƙin da masu jinya suka san ma'anarsa. Sai ga maganar Mama Vaine ta Mauke. Ta yi odar dutsen kabarin mijinta, an sa ranar bikin kafa shi da buɗe shi a kan kabarin, dangi sun taso daga ƙasashe. Ta yi ta danna wayarta ƙunshin ya ƙi tafiya, gurbi ya cika, jirgi ya tashi. Mama Nga ta fito da yamma ta ga dutsen a bakin tasha, an rufe shi da leda, sunan mutumin na leƙowa ta gefe. Ta daɗe a tsaye. Wata ta rasa ranar mijinta don ita ta ci gaba da jin gaisuwar nata mijin.

Ran Juma'a ta zaɓi Atiu, ta danna, ta jira har ya dawo. Ta karanta. Sannan ta ce wa Tereapii ta nuna mata inda ake kashewa.

Marigayin ya bar Mama Nga, da tsohuwar na'urar buga takarda da ita ma ƙafarta ɗaya ke duniya, da Kyaftin Teokotai wanda yanzu ba shi da abokin tsokana, an ga ma ya yi sanyi. Ya bar magaji, sabon shafi mai saurin tsiya, wanda ba ya gaisuwa. Tereapii ta ce za ta iya sa masa jimlar nan, aikin minti kaɗan ne.

"Bar yaro da bakinsa," in ji Mama Nga. "Tunda ni ce mai ɗaukar ƙunshin tun asali, ai sai in ci gaba."

Dutsen Mama Vaine zai bi jirgin mako mai zuwa, Kyaftin ya ce a ɗakinsa zai kwana.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an sauke kayan jirgi, a bayan ofis, gindin bishiyar gwanda. Tsohuwar na'urar ƙarƙashin tebur za a kai, tunda shafi ba shi da gawa, a naɗe ta da tivaevae, bargon faci-faci na ado da Mama Nga ta ɗinka da hannunta tun idonta na ganin ramin allura. Limamin coci ya ce shi ba zai yi wa ƙarfe addu'a ba, amma zai zo cin abinci. Ba a buƙatar furanni. An gaji, ba za a haƙa ramin gasa nama ba, don haka kowa ya zo da ƙunshinsa, kamar yadda marigayin ya saba mana.

Mama Nga za ta zauna a bakin ƙofa. Wanda ya iso ya ɗan dakata a gabanta kafin ya wuce, kada ya riga ta gaisuwa. Ita za ta fara.