Hoton da Na Yanke wa Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da hotuna uku suka tona mini asiri a bakin titin Malbaza, ko da yake na daɗe ina roƙon Allah ya mantar da ni. A farkon shekarun casa'in ne. Na gama koyon hoto a Ƙonni, na baro Inna da ƙanwata Rabi a Illela, na zo garin Malbaza na kama ɗaki guda a gidan wata tsohuwa, Iya Hajo, na rataya labule mai zanen bene da jirgin sama, na ce na buɗe shago.

Aiki kam na iya, wannan ba yabon kai ba ne. Maigidana na Ƙonni ya cusa mini dokokinsa har na haddace: rana ta kasance a bayanka, ka ɗauki mutum da hantsi ko bayan la'asar, don tsakar rana tana zuba masa inuwa a ramin ido, in taro ne ka danna sau biyu, don ba a rasa mai ƙiftawa, fim kuma a ajiye shi gindin randa, zafi na kashe shi. Amma babbar dokarsa ita ce kada ka yanke ƙafa. “Mutum ya aro takalmi saboda hoto, kai ko ka bar su waje? Ba ya amsar hoton!” Har Inna ta san wannan doka, saboda duk zuwana gida sai na maimaita mata ita kamar ni na ƙirƙiro.

Ciniki bai yi laifi ba. Ƙarshen wata ma'aikatan kamfanin siminti na zuwa a yi musu na aikawa gida, ranar kasuwa kuma na rataya kyamara na bi rumfuna. Ina da kayan aro ga wanda ya zo da tsumma: babbar riga shuɗiya, rawani, baƙin tabarau da takalma sau ciki. Mutane su shigo, su yi mini murmushi saboda na ce su yi, su fita. Fuska talatin da shida a kowane fim, babu ɗaya da ta taɓa tambayata ko na ci abinci.

A ƙetaren titi, gindin wani dogon yaro, akwai fada, wato majalisar shayi ta direbobin manyan motoci da 'yan siminti. Kullum bayan la'asar ina jin dariyarsu ta taga. Wata takwas ina shirin ƙetarawa. Sau biyu na sa takalmi, na kai bakin kwalta, na yi kamar na manta wani abu na koma. (Kunya ce, amma daga nesa kunya da girman kai kamarsu ɗaya.)

Sai ga saƙon Inna ta bakin direban Illela: “Ta ce hotunan da kake aiko mata duk kai ɗaya na. Ta ce ka aiko wanda kake tare da abokanka, don ba ta samun barci.” Laifina ne. Ni na riƙa aika mata cewa abokai sun yi mini yawa a Malbaza har ba na samun lokacin hutu.

A makon ne Garba direba, ɗaya daga cikin 'yan fadar, ya kira ni sunan ɗiyarsa. Na yi aikina, na dawo, sai na ga saura ɗauka uku a fim. Mai hankali zai ƙetara titi ya ce, jama'a, ku zauna mu yi hoto. Ni kuwa sai na shiga cikin gida na ce wa Iya Hajo ta ara mini turmi zan ɗora kyamara.

Na kulle ƙofa. Na kife turmin, na ɗora matashin kai, na kife ƙwarya a samansa, na zura masa babbar riga. Na naɗa rawani irin naɗin Buzaye, wanda ke rufe baki da hanci, inda ya rage kuma na toshe da baƙin tabarau. Na jera masa takalma a gaba. Na ja da baya na duba, wallahi sai da na ji kwarjini. Na raɗa masa suna Agali, mutumin Abalak. Na dafa shayi na zuba kofi biyu, na ɗora kyamara a kan kujera, na murɗa agogonta mai ba ka daƙiƙa goma, na rugo na zauna na dafa kafaɗarsa. Sau uku na yi haka. A na ukun kan Agali ya gangaro, na cafke shi kafin ya kai ƙasa.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, bayan fim ya ƙare na mayar masa da kansa, na ci gaba da zama. Na ba shi labarin Illela, da rashin lafiyar Inna, da yadda tuwon saye ya ishe ni. Ya fi kowa iya sauraro. Tun zuwana garin ban yi hira mai tsawon wannan ba, kuma na ji daɗinta, abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

A lokacin fim mai kala sai an kai Sakkwato a wanke. Kwana huɗu ya yi. Motar da ta kawo ambulan ɗin ta tsaya daidai gaban fada, na fito na karɓa, sai na ji muryar Garba: “Mai hoto! Namu na? Taho ka zamna, a zuba maka shayi.” Wata takwas nake jiran wannan magana. Daɗi ya ɗebe ni, na ƙetara titi kamar wanda aka naɗa sarauta, na miƙa masa ambulan a rufe yadda ya zo. Suka matsa mini a tabarma. Iya Hajo ma, da ke sayar da gyaɗa kusa da wurin, ta taso don ta ga kanta, tunda ta je sunan.

Hotuna suka fara zagaya hannu zuwa hannu. Ana ta yabo. “Kai, yaron ga ya iya! Dibi takalmina, har igiya ta hito.” Kofin shayi na hannuna, ina sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, sai Garba ya tsaya a kan wani hoto. “Wanga Buzu hwa? Ban gane shi ba wurin suna.”

A nan ma da na faɗi gaskiya da abin ya zo da sauƙi. Sai na ji bakina yana cewa, “Abokina ne, Agali, daga Abalak. Ya kwana biyu wurina ya wuce.” Wani ya ce mutumin da ganinsa akwai natsuwa. Wani ya ce kamar ya taɓa ɗaukarsa a mota. (Allah ya yafe mana ni da shi.) Hoton ya kai hannun Iya Hajo. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta sa yatsa a ƙasansa.

“Wanga ai turmina na. Ga tsagar da munka ɗaure da waya.”

Dokar maigidana ce ta kashe ni. Ban yanke ƙafa ba. Rigar ta ɗan ɗage, ga takalma biyu tsaf, ga bakin turmi a tsakaninsu, kuma hoton ya fito garau saboda hasken ma na auna shi daidai. Kafin in buɗe baki Garba ya zaro na ƙarshe: ni riƙe da ƙwarya mai rawani da tabarau, ido waje, Agali zaune babu kai.

Dariyar da aka yi, har wani ya ƙware da shayi. Masu wucewa suka tsaya, hotuna suka fita daga fada suka shiga hannun 'yan tasha. Garba kaɗai ya daina da wuri. Ya tattaro ukun ya sa mini a aljihu, ya ce a hankali, “Kullum muna ganinka ga taga. Mun ɗauka ba ka son mutane na. Mi ya hana ka kira mu?” Na ajiye kofin ban sha ba, na ƙetara titi, kuma ban sake komawa ba har na bar Malbaza bayan shekara. Sunan Abokin Turmi kuwa ya riga ni isa Ƙonni.

Hoton farko dai na sa almakashi na datse shi daga gwiwa, na aika wa Inna. Bayan mako direban Illela ya kawo ƙulli biyu na kilishi. “Ta ce guda naka, guda na abokinka. Ta ce ka kai mishi da hannunka.” Haka ta riƙa yi duk wata, komai biyu biyu. Ni kuma in kulle ƙofa in cinye duka, ina jin na yi dabara.

Bayan rasuwarta muna kwashe kayanta, na ga hoton a cikin kwalla, naɗe da ƙyalle. Na ce wa Rabi ko ba komai Inna ta tafi da kwanciyar hankali. Rabi ta dube ni ta ce, “Yaya, ran da ya iso ta gane. Ta ce ɗanta bai yanke ƙahwa, in ya yanke akwai abin da yake ɓoyo. Na biyun da take aikowa, cewa ta yi wataƙila ka ji nauyin cinye shi kai ɗaya, ka hita ka ba wani, ku zamna.”

Yanzu duk wanda ya zo koyon hoto wurina, ina ba shi dokokin maigidana, sannan in ƙara biyu nawa. Kada ka miƙa ambulan sai ka buɗe ka duba. Kuma in fim ya rage ɗauka uku, ka ƙetara titi ka kira mutane, don turmi ya iya zaman hoto amma bai cin kilishi.