Jikan Jarumin Gadar Kilderrig

Allah bai hana garinmu na Kilderrig komai ba. Ya ba mu ruwan sama wata goma sha ɗaya a shekara, ya ba mu mashaya huɗu da coci guda, sannan ya cika mana ni'ima da Mista Malachy Geraghty, shugaban kwamitin tunawa da shekara ɗari da yaƙin 'yancin Ailan. Ba wanda ya zaɓe shi. Shi ya kafa kwamitin, kuma da ya duba cikin gari bai ga wanda ya fi shi cancanta ba, sai ya haƙura ya karɓa.

Shekara talatin yana sayar da takalma. Da ya yi ritaya ya koma masanin tarihi cikin mako ɗaya. A bayan idonsa muna ce masa Kwamanda. Da ya ji, ya ɗauka girmamawa ce, har ya fara sa hannu da sunan.

Littafi ya fara rubutawa, a kan kakansa Thady Geraghty, wanda a cewarsa shi ya jagoranci kwanton ɓaunar da aka yi wa sojojin Ingila a gadar garinmu a 1921. Shafi casa'in ne, arba'in daga ciki gabatarwa. Akwai hotuna goma sha ɗaya: biyu na gadar, tara na marubucin yana kallon gadar.

Daga nan ya shiga makaranta. Kowace Laraba sai ya je ajin Malama Dervla Conneely da sandar tsintsiya a kafaɗa, ya kwanta a bayan teburinta yana nuna yadda aka yi harbi.

"Ku dube ni da kyau, yara," in ji shi. "Jinin da ya kori daular Ingila ne ke gudu a wannan hannun."

Ba ya iya tashi sai malamar ta kama wannan hannun ta ja.

Sai babban aiki, baje kolin kayan tarihi a ɗakin taro na coci. A tsakiya, cikin akwatin gilashi, ya shimfiɗa kwat ɗin kakansa mai yagewa a baya, ya rubuta a ƙasa: Raunin Harsashi. Ana saura kwana biyu a buɗe, Malama Dervla ta turo wani tsohon keke mai kwando a gaba. Bayanta Misis Nuala Hession ce, tsohuwa mai shekara casa'in da ɗaya, tana dogara sanda.

"Keken mahaifiyata Bridie ne," in ji tsohuwar. "Ita ma ta yi nata a lokacin. Ina son a ga sunanta a bango kafin in bi ta."

Kwamanda ya dubi keken ta saman tabarau. "Misis Hession, tarihin yaƙi muke yi a nan, ba tarihin cefane ba."

"Kai Malachy, ni na wanke maka gindi kana jariri. Kada ka yi mini muryar rediyo."

Saboda girman zuciyarsa, ya yarda a jingine keken a bakin ƙofar banɗaki.

Ranar buɗewa gari ya cika ɗakin. An yi shayi, an yanka burodi da man shanu, Fada, limamin cocin, ya yi addu'a. Babbar baƙuwa wata masaniyar tarihi ce daga jami'a, Dakta Orla Tuohy. Ta zo da takarda a ambulan, ta ce shaidar da shugaban mayaƙan yankin ya bayar da bakinsa kafin ya rasu ce, ta samo kwafinta a ma'ajiyar takardu.

"Mista Geraghty, da ka ɗan duba ta a gefe tukuna," ta ce a hankali.

"In duba me, Dakta? Ni da na rubuta littafi a kai? Miƙo mini ita nan. Jikan jarumi ne ya kamata ya karanta wa jama'a."

Ya hau dandamali, ya gyara murya sau uku, ya fara da ƙarfi:

"Bindigoginmu shida Bridie Mulkerrin ce ta kawo su a kekenta, ɗaya bayan ɗaya, ta gaban shingen sojoji, da ƙwai a kwandonta. Thady Geraghty kuwa..." Nan ya tsaya ya dubi jama'a don su shirya. "Thady Geraghty kuwa mun ajiye shi a kan tudu, in ya hango motar sojoji ya ɗaga farin hankici. Ashe yana fama da mura. Ya zaro hankicin don ya fyace hanci, mu kuma muka buɗe wuta a kan amalanken mai burodi."

Muryar ta fara sirancewa, amma baki ya riga ya ɗau gudu.

"Mai burodin bai ji ciwo ba, jakinsa dai sai bayan kwana uku aka gan shi. Sojoji suka ji harbi suka kewaye mu. Bridie ce ta fitar da mu ta cikin fadama, ba a kama ko ɗaya ba."

Kwamanda ya naɗe takardar, ya nuna akwatin gilashi da yatsa.

"To raunin fa? Wannan raunin fa?"

"Wayar shingen gona ce," in ji Misis Hession daga kujerar gaba. "Garin gudu ya rataye a jiki. Mahaifiyata ta koma ta ciro shi, yana ta atishawa. Ta ce mutumin kirki ne, har ya mutu duk Kirsimeti sai ya kawo mata agwagwa. Shi bai taɓa cewa shi jarumi ne ba, Malachy. Kai ka ɗora masa."

Fada ne ya fara dariya, ya yi kamar tari ne. Daga nan kowa ya saki dariya. Maza huɗu suka ɗauko keken daga bakin banɗaki suka kawo shi tsakiya, Malama Dervla ta rubuta sunan Bridie da manyan baƙaƙe ta manna a bango. Tsohuwar ta daɗe tana kallon sunan.

Kada ku ɗauka Kwamanda ya karaya. Kafin shayi ya huce ya riga ya tsaya kusa da keken, hannu a kan sirdi, yana gaya wa ɗan jarida cewa ya daɗe yana zargin akwai wata mata a cikin labarin, kuma dama dalilin da ya sa ya gayyato Dakta ke nan.

Ranar Alhamis jaridar lardi ta fito. Tun kafin a kwance ƙunshin ya sayi kwafi goma sha biyu. Ya buɗe a tsaye a cikin kanti, muna kallo. Hoto ne babba, rabin shafi. A ƙasa an rubuta: Misis Nuala Hession da keken mahaifiyarta, tare da wani mutum.