Kyamarar Siton Taki da Tsakar Gidan Rahmatu

Ranar Talata a layin mai na wuni. Tun da hantsi na kafa babur ɗina a bayan wata a-kori-kura, muna matsawa kaɗan-kaɗan, sai da na zo gab da famfo sannan mai zuba man ya rataye tiyo ya ce ya ƙare. Haka na turo abina a ƙasa har gida, ina tafe ina yi wa manyanmu addu'a irin wadda edita ba zai yarda ya buga ba. Da na shiga zaure sai na ji gidan tsit, ba ƙarar turmi, ba hirar mata, sai ƙaurin gyaɗar da ta ƙone. Akuyarmu na tsaye a tsakar gida tana cin tunkuza hankalinta kwance.

Mai ɗakina Rahmatu na can ƙuryar ɗaki ta sha kunu. Don ku gane girman abin, sana'arta ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa, kuma matan maƙwabta a gidanmu suke haɗuwa su yi aikin tare, wannan na suya, waccan na matsa. A shekarun nan da gero ya fi ƙarfin mai noma shi, ni dai sunan maigida gare ni, amma da guminta tukunya take tafasa. Da ƙyar ta ba ni labari. Wai suna tsakiyar matsar mai, kowa da ɗaurin ƙirji saboda zafi, sai ta ɗaga kai ta ga ƙarti a kan rufin siton taki da ke bayan katangarmu, suna nuna nan suna nuna can. Mata suka watse, wata ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

Ku mutanen birni masu benaye wataƙila kun manta, amma mu nan tsakanin Kunci da Shanono har gobe namiji ba ya hawa sama haka kawai. Ko yaɓen soro zai yi, ko ganye zai saro wa dabbobi, sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya ya ce mata a kimtsa, za a hau. Ya ɗan jira, sannan ya taka tsani. Gidajenmu manne suke da juna, tsakar gida ba rufi, makewayi ba rufi, wannan kiran shi ne rufin. Ɓarawon tantabara ne kaɗai na sani yana hawa ba sanarwa.

Washegari na tarar da shugaban mahawan a gindin sito, wani Injiniya mai fara'a da rigar nan mai ƙyalli. Bai san ma ya yi laifi ba. Ya ce awo suke yi, hukuma za ta kewaye siton da kyamarori saboda takin da ke ɓacewa duk damina. Ya nuna mini kusurwar da ta haɗu da katangata, ya ce a nan za a kafa falwaya mai tsawo, a ɗora mata kyamara mai juyawa wadda ke iya ganin ƙwayar gero a ƙasa. Na tambaye shi tsakar gidana fa. Ya yi murmushi ya ce ai na yi sa'a, duk tana ciki, na samu tsaro kyauta.

Na kai wa Rahmatu wannan albishir. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi ba ni tsoro.

"Malam, ranar da aka kafa ƙarfen nan, ranar zan kife kaskona. Ba matar da mijinta zai bari ta zo, ni ma ba zan yi aiki wani ƙato na kallona ba. Sai ka san abin da za mu ci."

Gaskiya hankalina ya tashi, don ban san abin da za mu ci ɗin ba. Maƙwabcina Nababa ma tun a masallaci ya gaya mini cewa matarsa Hure ta daina zuwa sai abin da hali ya yi.

Allah ya taimake mu aka kira taron jin ra'ayin jama'a, wato taron da ake gaya wa jama'a ra'ayinsu. Aka ce da hantsi, shugaban hukumar, Mai Girma Inuwar Manoma, bai iso ba sai bayan azahar, da jerin motoci masu sheƙi. Na ji daɗi ƙwarai da na ga ashe akwai mai a ƙasar nan, ni ne dai ban iya nema ba. Ya zauna, aka yi masa kirari, aka jingina wani babban allo mai zanen sito, an ɗiɗɗiga jan fenti a duk inda kyamara za ta zauna.

Ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Za a gina ɗaki na musamman mai na'urar sanyi, a jera talabijin bango guda, a ɗauki ma'aikata su zauna suna kallo. Da wani ya tuna masa cewa rabonmu da wutar lantarki har wayoyin sun zama igiyar shanya, ya ce an yi tanadin janareto. Da aka tambayi man da janareton zai sha, ya ce an kafa kwamiti. Muka tafa, don ba ƙaramin tunani aka yi ba. Siton da rufinsa ke yoyo har taki na dunƙulewa, ga shi zai samu ɗakin sanyi kafin asibitinmu.

Sai Nababa ya miƙe. Mutumin kirki ne, kuma da zuciya ɗaya ya yi magana. Ya ce shi ba ya jayayya da hukuma, amma tunda mai kallon talabijin ɗin namiji ne, kuma ta sama yake leƙowa, hukuncinsa hukuncin wanda ya hau soro ne. Don haka a sa masa lasifika, duk sanda zai ɗaga ido ya kalli allon ya fara cewa mata a kimtsa, za a duba. Dattawa suka gyaɗa kai, har da masu cewa wannan shi ne shari'a.

Na zaci Mai Girma zai yi dariya. Ina, fuskarsa ce ta washe. Nan take ya umarci Injiniya ya ƙara lasifika a kan kowace falwaya, da na'urar ƙara murya, da ma'aikacin da zai kula da su. Wani daga baya ya ce to ai ɓarawon ma zai ji sanarwar ya kimtsa. Mai Girma ya ce wannan shi ake kira rigakafi.

Ni kuwa lissafin Rahmatu nake. Mutumin da aikinsa kallo ne daga safe zuwa yamma, sanarwarsa ba za ta yanke ba, matan kuma a ɗaki za su wuni. Ina ta kallon allon nan cikin takaici sai na lura da wani abu. Jan fenti ya zagaye sito ta gabas, ta arewa, ta bayan gidajenmu, har da mai kallon kukar bakin hanya. Babbar ƙofa kuwa, inda motoci ke shiga su fita, fes take ba ɗigo. Mu da muke kwana a gindin siton ba mu taɓa ganin buhu ya tsallake katanga ba. Ta ƙofa yake fita da rana tsaka, an lulluɓe shi da tamfol, mai gadi na sara wa direba.

Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, tunda ta kusurwata ba abin da za ta gani sai mata da gyaɗa, me zai hana a mai da ita bakin ƙofa?"

Mai Girma ya gyara hula, ya sha ruwa, sannan ya ce ƙofa wurin shigar manyan baƙi ce, kuma ba tarbiyyarmu ba ce a ɗora wa mutum mai mutunci ido yana harkarsa. Na ce wallahi gaskiya ne, abin da matata ta ce ke nan. Ban rufe baki ba aka ce liman ya yi addu'a, lokaci ya ƙure.

Kwana kaɗan sai ga Injiniya a zaurena, da sallamarsa wannan karon. Ya ce Mai Girma ya duba al'adunmu masu kyau, an ɗauke falwayar daga kusurwata. Ya ƙara da cewa ana fatan maganar ƙofa ta tsaya a inda ta tsaya. Na ce wace ƙofa.

Da na bincika, ashe gaba kaɗan aka matsar da ita, saitin gidan Nababa. Ya zo mini ido ya yi ja, na ja shi gefe na gaya masa maganin. Washegari ya je ya tambayi Injiniya, cikin ladabi, ko an samu wadda za a sa a ƙofa. Kafin la'asar an ɗauke tasa. Daga nan magana ta bazu, duk wanda jan fenti ya faɗo saitin gidansa sai ya sa babbar riga ya je ya yi tambaya a kan ƙofa. Yanzu dai zanen ƙarshe ya fito. Ba a rage kyamara ko ɗaya ba, don kwangila ba ta raguwa, amma kusan duka an ɗaga kansu sama, sauran suna kallon gonar dawa. Lasifikokin ma suna nan a cikin tsari.

Mata sun dawo, turmi na ƙara, Hure ta zo ta ɗauki takalminta. Rahmatu har ƙuli mai zafi ta aiko mini zaure, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai masarata na can ta yi rawaya tana jiran takin da na san hanyar da yake bi, na kuma yi alkawarin ban sani ba.

Jiya ina zaune a ƙofar gida ina cin ƙulin nan sai ga wata babbar mota ta fito daga sito, tamfol har ƙasa. Direban mutum ne mai tarbiyya, tun daga nesa ya danna hon. Na juya na fuskanci bango har ya wuce.