Zakaran da Ke Cikin Littafin Talatu

Wata uku na yi a ajin yaƙi da jahilci, na ɗauka na gama ilimi. Makon da zakaran maƙwabciyarmu Dudu ya ɓace, na buɗe littafin rubutun 'yata Talatu, na haɗa baƙi da ƙyar: "Ni na ɓoye zakaran a cikin tulu." Ban tambaye ta komai ba. Na zane ta, na ja ta har gidan Dudu, mata na kallo.

Washegari malaminsu ya zo da ɗan littafin labari. Ashe daga cikinsa aka sa su kwafa, ɓarawon ma biri ne.

Talatu ba ta ƙara karatu a gabana ba. Har yau in na sauka mayo, wato kogi, wanki, sai Dudu ta ce, "Ku matsa, alƙali ya iso. Yau wa aka kama?"