Waƙar Rarrashin da Na Koya a Hanyar Maigatari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai matata Hauwa gaida iyayenta a Sule Tankarkar ba, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni direba ne. Lokacin ina tuƙa wani ɗan ƙasar Sin mai sayen riɗi tsakanin Gumel da Maigatari. Muna ɗaukar hanya sai ya lumshe ido yana maimaita "Om mani padme hum". Ni da shegen karambani na ce ya koya min (na ɗauka waƙar garinsu ce, wallahi ban tambaya ba). Ya ce in ja numfashi, in buɗe baki da "o", in haɗe leɓe in ja "m" ɗin har ƙirjina ya yi rawa. Na ƙware har yana tafa min. A gida kuwa, jaririyarmu Ummi ta koma ba ta yin shiru sai da waƙar nan.

Surukina limami ne, kuma da ma bai so ya ba direba 'yarsa ba. Ranar na sha babbar riga don in sayi mutunci. Ina durƙushe a zaure, maƙwabta na zaune, aka kawo masa jikarsa, ta tsanyare da kuka. Ya yi mata tofi, ta ƙi. Sai ni gwani na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni ita." Na lumshe ido na saki murya, har da jan "m" ɗin nan. Ta yi tsit. Na ɗago ina jiran yabo.

Sai Sani ƙanin Hauwa, ɗan jami'a mai bakin tsiya, ya ce, "Yaya, wuridin mabiya Buddha fa kake ja." Don Allah ba zai iya bari mu fita waje ba? Har da ciro waya ya kunna, ga wasu masu aski ƙwal cikin jajayen mayafai suna yi, sak irin nawa.

Malam ko dubana bai yi ba. Ya ce, "Hauwa da yarinyar za su zauna a nan. Kai kuma maimaita kalmar shahada." Na maimaita a gaban kowa, ni da na yi saukar Alƙur'ani.

Ni kaɗai na koma Gumel, ina zagin Sani, ina zagin ɗan Sin, kafin na gane wanda ya fi cancantar zagin shi ne mai riƙe da sitiyari. Sai da kawuna ya je biko aka sako min iyalina.

Yanzu ko fito na ji ya yi min daɗi, sai na tambayi ma'anarsa. Ummi kuwa in ta fara, sai dai mu yi kukan tare.