Ranar Da Na Kira Sunan Surukina

Na manta shekaruna, na manta fuskokin mutane da yawa, amma ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na hau keke a bakin Kwara ba. Lokacin Nasara na nan, ba a ɗora gada ba tukuna, mai son ƙetarewa sai ya jira jirgin fito. Ni kuwa ina matar aure mai ɗa guda, wadda a unguwarmu ta Gaya ake nuna wa 'yan mata a ce su koyi kunya.

Surukina masunci ne, dattijo mai kwarjini, maganarsa kaɗan. Tunda aka kawo ni gidansa bai taɓa ganina a tsaye ba. In na hango shi a hanya sai in ratse, in tuɓe takalmi, in durƙusa har ya wuce. Sunansa kuwa, bakina bai san shi ba. Akwai wani mai gishiri a kasuwa da suke suna ɗaya, shi ma ban taɓa kiransa ba, sai dai in buga masa faifai. Surukin nawa ya san da haka, yana kuma jin daɗi. In ya dawo daga ruwa, kifin da ya fi kyau ƙofata ake kawo shi, ya ce, "A ba ɗiyata." Tuwon kowa ba ya ci sai nawa. Ni baƙuwa ce a garin, ba uwa ba uba kusa, wannan kalma ta "ɗiyata" ita ce duk abin da na mallaka a gidan.

Maigidana yana kai saƙonni a biron kumandan, wato ofishin Nasaran da ke mulkin garin, shi ya sa aka ba shi keke. Shi ya zo mini da labarin Madam, matar kumandan, wai kullum la'asar takan hau kekenta ta bi bakin ruwa a hankali.

Na ce, "Ina take zuwa?"

Ya ce, "Ba ko'ina."

"To me ta yar a can?"

"Ke, shan iska take yi."

"Iskar gidansu ta ƙare ne?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ƙauyanci zai kashe ni, kuma matarsa ba ta fi Madam ƙarancin ƙafa ba. Haka ya fara koya mini a bayan rumbuna in tsoho ya tafi ruwa. Yana riƙe da sirdi ta baya, ina murzawa. In za a tsaya, shi ke ja. Na taɓa tambayarsa amfanin ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin hannu, ya ce, "Bar su, ba naki ba ne. Ni ne birkinki." (Ku riƙe wannan magana, jikokina, ni ma na riƙe ta, ga inda ta kai ni.)

Ranar da kumandan ya fita rangadi, sai maigidana ya ce yau za mu sha iskar Nasara. Muka tura keken can sama da gari, inda ba kowa sai giginya. Na ɗaure zani kamar mai shiga ruwa, na hau.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da daɗi. Ruwa na hannuna na dama yana tafiya a hankali, ni ma ina tafiya a hankali. Ga shinkafa kore shar, ga balbelu, ga wani a kwalekwale ya saki sanda yana kallona baki buɗe. Tunda aka haife ni ban taɓa tafiya ba kaya a kai, ba goyo a baya, ba mai jirana ba. Har waƙa na fara. Ina ta zuba wa maigida surutu, ina ce masa ashe Madam ba mahaukaciya ba ce. Da na ji shiru ya yi yawa na waiga, sai na hango shi can nesa, ƙarami kamar tsinke, yana tafa mini. Ashe tuni ya saki.

Daga nan hanya ta fara gangara zuwa mafitar jirage. Keken ya daina jin maganata. Na ɗaga ƙafafu, ya ƙara gudu. Ga mata masu wanki, ga masu jiran fito da kayansu, ga dattawa suna gyaran taru. A tsakiyar hanya kuwa, ya ba ni baya, ya sunkuya kan tarunsa, surukina.

Na ce, "Baba!" Duk tsohon da ke wurin Baba ne, duk suka waigo, ban da shi, don kunnensa ya yi nauyi. Na sake cewa, "Baba, hanya!" Bai motsa ba. Ina ganin furfurar ƙeyarsa tana matsowa.

Sai na buɗe baki na kira sunansa. Sunan yanka, tsirara, ba Malam ba Baba, da muryar da ake kiran akuya in ta shiga gona. Na haɗa da "Kauce!" (Kada ku tambaye ni sunan. Sau ɗaya na faɗe shi, ya ishe ni.)

Ya zabura ya yi gefe. Ni na wuce ta cikin tarun, na ja shi har cikin laka, keke a kaina, zani a inda Allah ya so.

Ba wanda ya yi dariya da fari, da ma sun yi. Sai wata tsohuwa Badandiya, 'yar ƙabilar Dandi, mai wanki ta ce, "Wa ya kira shi haka? Uwarsa ta taso ne?" Nan wurin ya fashe.

Tsohon bai dube ni ba. Ruwa ya duba, ya ce, "Tun rasuwar mahaifiyata ban ji wannan suna a bakin mace ba."

Maigidana ya iso yana haki. Uban ya ce, "Kai ka ɗora ta?" Maigidan ya dubi ƙafar keken da ta lanƙwashe, ya dubi wani gardi, dogarin kumandan, da ke cikin masu jiran jirgi, ya ce, "Baba, sallah nake, na sallame ban ga keken ba."

Ina cikin laka na ji wannan. Ni dai na riga na yi maganar da ta ishe ni har abada. Daga baya maigidan ya ce in yi haƙuri, da ya amsa, da aikinsa ya tafi.

Ba a dake ni ba, ba a sake ni ba. Washegari na kai tuwo, aka dawo da kwanon yadda na rufe shi. Na durƙusa a hanya kamar kullum, tsohon ya ce, "Sannu, baiwar Allah," ya wuce. A kan wannan gaisuwa muka zauna har ya koma ga Ubangijinsa. Madam kuwa ta ci gaba da shan iskarta, maza na cire mata hula.

Ba mutum ɗaya a Gaya da ya taɓa cewa na ceci tsohon daga karaya. Na daɗe ina juya abin, ga abin da na gano: da na yi shiru na take shi da keken, da an kira mai ɗori, an ce tsautsayi ne, an kuma yaba mini da ban ɗaga murya ba.