Ranar da Ubale Ya Tsare Raga

Duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin tashar Funtuwa ya san Ubale Lamba Tara. Ko bai ga fuskarsa ba, ya ji muryarsa. Ɗan kamasho ne, bakinsa ne jarinsa. Ubale zai sa mai zuwa Sakkwato ya hau motar Kaduna, har ya yi masa godiya. Da yamma kuma shi ne ɗan wasan gaba na ƙungiyar Taurarin Tasha. A shekara huɗu ya ci ƙwallo uku. Ɗaya da gwiwa, ɗaya da ƙeya, ɗayar kuma har yau ana gardama ko iska ce.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ubale ya raina masu tsaron raga. Kullum da safe a teburin mai shayi sai ya tasa Shafi'u, golan ƙungiyarsu, a gaba.

"Wai tsaron raga aiki ne? Mutane na gudu suna haɗa gumi, kai kana tsaye kamar mai jiran fasinja! Ni nan da ka gan ni, asalina gola ne. Shekara biyu na yi ina tsare raga a Agadas. Fanareti tara aka buga mini a wasa ɗaya, na kama takwas."

Mai shayi ya ce, "Ta taran fa?"

"Tsoro ya kama mai bugun. Ya ajiye ƙwallon ya tafi gida."

"To me ya sa ka bari?"

"Roƙona aka yi. Wai 'yan kallo sun daina zuwa, tunda ba a ganin ci."

Shafi'u ba mai yawan magana ba ne. Sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Allah ya nuna mana." Ubale kuwa hankalinsa kwance, don Shafi'u ko mura bai taɓa yi ba, ga kuma gola na biyu a benci. Inda ba ƙasa, ai nan ake gardamar kokawa.

Ana nan sai Taurarin Tasha suka kai wasan ƙarshe na kofin unguwanni. Abokan karawarsu Matasan Kwata, mahauta ne zalla, kowanne damtse kamar turmi. Fili ya cika maƙil, har kan katanga da kan darbejiya. Shekara tara rabon 'yan tasha da kofi, don haka ranar ko lodi ba a yi ba.

Wasa ya yi musu kyau. Kafin hutun rabin lokaci suna da biyu, mahauta ba ko ɗaya. Ubale bai taɓa ƙwallo ba, amma a duk cin biyun shi ya fi kowa gudun murna.

An dawo da minti goma sai Lawwali Gatari, ɗan gaban mahauta, ya taho a guje. Shafi'u ya fito. Gwaraf! Suka haɗu. Gatari ya tashi ya kakkaɓe wando. Shafi'u kuwa sai da aka ɗauke shi, kafaɗa ta goce.

Koci Garzali ya waiga benci. "Ina Hadi?"

Aka ce ai Hadi, gola na biyu, tun asuba ya bi motar tumatir zuwa Ikko.

Sai 'yan wasa tara suka juya a tare, kamar an ja su da zare, suka zuba wa mutum ɗaya ido.

Nan take Ubale ya dafe cinya. "Wayyo! Jijiya! Koci, jijiyata ta harɗe. Canja ni."

"Ba kowa a benci," in ji Garzali.

"Ba na iya gudu fa."

"Ai gola ba gudu yake ba. Tsayuwa ce, kamar mai jiran fasinja."

Shafi'u na kwance a gefen fili yana nishi. Da hannunsa mai lafiya ya zare safar hannun ya miƙa wa Ubale.

Ubale ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Sai dabara ta faɗo masa: in aka ba shi jan kati, ai shi ke nan. Ya nufi alƙalin wasa, Malam Isiya, wani malamin firamare da su kan haɗu a teburin shayi.

"Malam Isiya, kai makaho ne! Ba ka san dokar ƙwallo ba!"

"Na ji."

"An saye ka da tsire!"

"To."

"Ba za ka kore ni ba?"

Malam Isiya ya gyara usur ɗinsa. "Ubale, yau ko marina ka yi ba inda za ka. Shekara huɗu ina jin labarin Agadas. Gani ya kori ji."

Haka aka zura masa rigar Shafi'u, ta sauko masa har gwiwa. Ya shiga raga ya yi tsalle biyu, ya tofa yawu a safar hannu, ya daka wa 'yan baya tsawa don a san da shi.

Ƙwallo ta farko daga tsakiyar fili aka dako ta. Fiuuu! Ta nufo kansa. Ubale ya sunkuya. Raga ta girgiza.

"Na auna ta," ya ce wa kyaftin ɗinsu Murtala. "Waje za ta. Turken nan ba a daidai yake ba."

Ta biyu ma ba mahauta suka buga ba. Murtala ne ya mayar masa da ita a hankali, irin turin da ake yi wa jariri. Ubale ya ja da baya, ya ɗaga ƙafa ya sheme iska. Takalminsa ya tashi sama, ƙwallon ta wuce tana tafiyar hawainiya. Ita ta shiga raga, takalmin ya sauka a kan katanga.

Biyu da biyu.

Mahauta suka samu bugun kwana. Ƙwallo ta taso. Ubale ya kwarma ihu, "Tawa ce! Kowa ya kauce!" Kowa ya kauce. Ya yi tsalle ya kai naushi da hannu biyu. Tim! Ya samu kan Murtala. Murtala ya zauna a ƙasa yana tambayar wace rana ce yau, mahauta na can suna murnar ta uku.

Sai fanareti. Nan Ubale ya ga damar gyara suna. Ya tako har gaban Lawwali Gatari, ya zare masa ido.

"Kai yaro, ka san Agadas?"

"Can aka haife ni," in ji Gatari. "A wace ƙungiya ka yi wasa?"

Ubale ya dubi sama. "Buga kawai, lokaci na tafiya."

Tun Gatari bai taho ba Ubale ya yi sufa hagu. Rim! Ƙura ta tashi. Gatari ya tsaya ya jira ta lafa, ya tambaye shi ko ya ji ciwo, sannan ya tura ƙwallon dama.

Ta biyar ta tsakanin ƙafafunsa ta bi. Ta shida kuwa, a faɗi gaskiya, ta yi kyau. An kwaso ƙwallo daga gefe, Ubale ya manta inda yake, jinin ɗan gaba ya motsa. Ya tashi sama ya sa mata kai, ta shige can ƙuryar raga. Duk Funtuwa an yarda bai taɓa cin ƙwallo mai kyan wannan ba.

Aka tashi shida da biyu. Mahauta na ta kiɗa da rawa. 'Yan tasha suka kewaye Ubale a bakin raga. Koci Garzali ya harɗe hannu.

Ubale ya share gumi. "Ku tsaya ku ji. Ƙwallon ce. Iska ta yi mata yawa, ga santsi. A Agadas ƙwallonmu ƙarama ce, daidai tafin hannu. Ku ba ni daidai hannuna ku gani, ko ƙuda ba zai wuce ba."

Akwai wani dattijo, Baba Na'iya, mai sayar da lemo a baro a bayan raga. Tausayi ya kama shi, don muryar Ubale har ta dishe. Ya zagayo ya zaɓi lemo ɗaya ƙarami, daidai tafin hannu.

"Ungo, ɗan nan, jiƙa maƙoshi."

Ya cilla masa a hankali, daga taku uku.

Ubale ya ware hannu biyu. Lemon ya bi ta tsakaninsu, ya daki ƙirjinsa, ya sauka ta tsakanin ƙafafu, ya gangara gurgur-gurgur, ya haye layi ya kwanta a cikin raga.

Malam Isiya har ya kai bakin fili ya tura babur ɗinsa. Ya tsaya. Ya laluba aljihu, ya ciro usur, ya busa, ya nuna tsakiyar fili.

Daga inda yake kwance, Shafi'u ya ɗago kai.

"Bakwai," ya ce.